Sama da shekara ina shan maganin basir, ashe kansa ce a hanjina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta abin nan amma kunya take hana ni, don maganar gaba ɗaya ta banɗaki ce da jini da abubuwan da mutum baya faɗa a gaban surukinsa. To amma kunyar nan ita ce ta kusa kai ni maƙabarta, don haka yau na ajiye ta gefe. Wanda yake cin abinci ya gama tukunna.

Ni tela ne a Kano, tun ina ɗan shekara 15 nake kan keke, yanzu ina da 43, mata ɗaya yara biyar. Abin ya fara ne wajen ƙarshen 2021, wata safiya na shiga banɗaki ina tsarki sai naga ɗan jini. Wallahi ko a jikina. Wane tela ne bai san basir ba? mutumin da yake zama a kan benci tun safe har dare, abincinsa gurasa da tsire da shayi, ai jiransa ma kake. Dana faɗa wa maƙwabcina na shago dariya yayi yace to kaima ka shigo layi, ya kwatanta min mai jiƙon da yake saya. Daga nan aka buɗe shafi. Na sha jiƙo na sha tsimi na sha gari a kunu, na sayi na masu talla a mota da lasifika waɗanda suke lissafo maka mai tsiro da mai jini da mai sa kasala da mai hana ka sukuni da iyali, duk wanda suka faɗa sai inji kamar dani suke. Na yi zaman ruwan ɗumi, na sayi na matsi a kemis. A duk tsawon wannan lokacin babu mutum ɗaya da ya duba ni da idonsa, ni nace basir ne su kuma suka sayar min da maganin basir.

Jinin yakan ɗauke sati biyu ko uku sai ince maganin ya karɓe ni, sai ya dawo. Amma a hankali abin ya sauya kala. Da farko ja ne sharr a ƙarshen bahaya, daga baya ya koma mai duhu a cakuɗe da kashin, ga majina majina. Yau cikina ya ɗaure kwana uku, gobe ya ɓalle da gudawa. In shiga banɗaki in fito inji kamar ban gama ba in koma in yi ta nishi babu komai. Kuma kashin kansa ya sirance, da ƙyar yakai kaurin fensir. Ga wani murɗa a ƙasan cikina ta ɓarin hagu, ga gajiya irin wadda in na taka keke na minti goma sai na huta.

Abin da yafi bani haushi da kaina yanzu shi ne tef. Ni da nake auna mutane kullum, ina rubuta ƙugun kowa a littafi, in kwastoma ya rame ni nake fara sani kafin matarsa. Ƙuguna 36 ne shekara da shekaru. A azumin 2022 ya koma 34 nace ai azumi ne da kwanan shago na ɗinkin sallah. Bayan babbar sallah 32. Kafin shekara ta ƙare 31. Da hannuna na rage wandunana har sau uku, in farke in matse in goge in saka, ban taɓa zama na tambayi kaina ina naman yake tafiya ba.

Ba wai ban je asibiti ba kwata kwata. Naje wani ƙaramin asibitin kuɗi sau biyu, aka ɗibi jini akace taifot da maleriya, karo na biyu akace olsa da ƙarancin jini aka bani maganin ƙarin jini. Amma in zan faɗi gaskiya laifin ba nasu bane su kaɗai, don da aka tambaye ni me yake damuna cewa nayi ciwon ciki da kasala, akwai wata nas a tsaye a ɗakin sa'ar ƙanwata, na kasa buɗe baki ince ina kashin jini. Su ma basu tona ba. Hajiyarmu kuwa ta riga ta yanke hukunci jifa ne, wai tunda na sayi keken surfani ido ya koma kaina. Aka yi rubutu aka yi tofi, na sha habbatussauda da zuma da zamzam. Ban raina ko ɗaya ba, har gobe ina addu'a ina shan zumata, amma malamin unguwarmu da kansa ya kira ni gefe yace malam tela, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ramar nan taka ta asibiti ce, ka je babba. Nace to malam. Ban je ba.

Ƙarshen Disambar 2022 Pele ya rasu, ranar 29 ga wata, muna shago ana ta hirar ƙwallo sai yaron shagona yace wai kansar hanji ce ta kashe shi, ya shiga waya yana karanto alamominta da ƙarfi. Jini a bahaya, sauyin yadda mutum yake fita, rama ba dalili, ƙarancin jini, ciwon ciki. Ina riƙe da almakashi naji hannuna yayi sanyi. Nace kai rabu da mu, Pele tsoho ne shekararsa 82. Yaron yace a'a oga akwai wani ɗan fim a Amurka Cadwik Bosman shima ita ce ta kashe shi a 2020 yana da 43 kacal. Nace ya ajiye waya ya ɗauko min dutsen guga. Amma ranar ban yi barci ba.

Bayan kwana kaɗan maiɗakina ta shiga banɗaki a bayana kafin ruwa ya gama wanke wajen, ta fito tana kuka tace baban yara wannan ba basir bane, wallahi ko ka tashi mu tafi ko in kira Yaya. Nace kar ki kuskura. Ta kira shi.

Haka Yaya ya tasa ni a gaba kamar yaro muka tafi wani babban asibitin koyarwa a watan Janairun 2023. Layi tun asuba, yankar kati, buɗe fayil, sai bayan azahar muka ga likita. Matashi ne ba zai girme ni ba, amma tambayoyin da yayi min babu wanda ya taɓa yi min su. Jinin ja ne ko baƙi, a sama yake ko a cakuɗe, tun yaushe, ka rame, kana tashi da dare. Sannan yace me ya kashe mahaifinku? Muka kalli juna ni da Yaya. Baba ya rasu bai kai 60 ba, cikinsa ne ya kulle ya kumbura bayan ya daɗe yana fama da abin da muma muke kira basir, a gida ya cika ba a taɓa yi masa wani gwaji ba. Likitan ya rubuta wani abu ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sai yasa safar hannu yace in hau gado in kwanta ta gefe in naɗe gwiwa. Na tsaya ina kallonsa, Yaya yace kai dalla hau, ranar wanka ba a ɓoye cibi, ya fita ya ja ƙofa. Abin da na shekara ina gudu bai kai minti ɗaya ba. Da ya gama yace eh akwai ɗan basir kaɗan, amma wannan ɗan basir ɗin ba shi zai shanye maka jini haka ya ramar da kai ba, dole a leƙa ciki da kyamara, kolonoskofi suke ce masa.

Gwajin kansa ba wahala, wanke cikin da ake yi kafin shi ne aiki. Kwana ɗaya ba abinci mai nauyi sai ruwa ruwa, sannan a baka wani magani ka dama a ruwa mai yawa ka yi ta kurɓa, ni dai a bakin banɗaki na shimfiɗa tabarma na kwana da buta, har sai da abin da yake fita ya zama ruwa zalla. Da safe aka yi min allura jikina ya saki, aka zura wani siririn tiyo mai kaurin yatsa da fitila da kyamara a kansa. Ban yi barci sosai ba don haka ina ganin talabijin ɗin. Cikin hanji ashe fes yake, ja ja mai sheƙi, ana tafiya ana tafiya sai kawai ga wani nama ya tsiro ya zagaye hanyar kamar ruɓaɓɓen tumatir, da an taɓa sai jini, ƙofar da ta rage 'yar mitsitsiya har tiyon ya kasa wucewa. Ɗakin yayi shiru. Suka tsinko ɗan kaɗan suka sa a kwalba akace a kai ɗakin gwaji mu dawo bayan sati biyu.

Da muka dawo likitan ya jawo takarda ya zana min. Yace babban hanji tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne, nace kenan tef ɗina, don tef ɗin tela inci 60 ne. Yayi murmushi yace to ka ɗauka tef ɗinka ne ya tashi daga ƙasan ciki ta dama ya hau sama ya gilma ya sauko ta hagu, naka ciwon yana nan kusa da ƙarshe inda ya yi lanƙwasa kafin dubura. Yace irin wannan yawanci ba rana ɗaya yake fitowa ba, yana farawa ne da ɗan tsiro kamar kan maɓalli a jikin hanji wanda baya ciwo baya komai, yakan ɗauki har shekara goma kafin ya rikiɗe, kuma da an gan shi a lokacin da kyamarar nan za a tsinke shi a wuce wajen. Sai yace malam sai haƙuri, kansa ce.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, shi kaɗai nake ta maimaitawa. Kun san me ya fara zuwa min a rai? Likkafani. Duk wanda ya rasu a layinmu ni ake tasowa ko tsakar dare ne in yanka masa kyauta, na san yadi nawa babba yake ci na san na yaro. Sai na tsinci kaina ina lissafin nawa, ina tunanin wa zai yanka, yaron shagona har yanzu hannunsa baya miƙewa a yanka.

Aka yi sikanin na ciki da ƙirji aka ce Alhamdulillah bata taɓa hanta da huhu ba, don nan ne take fara zuwa in ta tashi yaɗuwa. Aka ɗibi jini na wani gwaji da suke kira CEA mai nuna alamar kansa a jini aka ce ya hau. Aka ce tiyata, kuma kar a ja lokaci. To a nan ne na sake yin wauta ta biyu. 'Yan dubiya suka cika gida kowa da fatawarsa, kar ka yarda a taɓa ka da wuƙa, ita kansa in taji ƙarfe bazuwa take, wane ma ana yi masa aiki bai yi wata ba. Wani ya kawo ganye wani ya kawo lambar wani mai magani a wani gari. Na biye musu na ƙi komawa sati uku. Daga baya na gane waɗanda ake cewa aiki ne ya kashe su yawanci sun je ne bayan ciwon ya gama cin jiki, amma lokacin tsoro ya rufe min ido.

Tsakiyar Fabrairu cikina ya kulle gaba ɗaya. Ba kashi ba tusa kwana uku, ciki ya kumbura kamar ganga, ga amai mai wari, ina kwance ina tuna Baba don haka nashi yayi sak. Kuma lokacin ne ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi, tsofaffin takardu ba a karɓa sababbi babu su, ko na adaidaita sahu bamu da shi a hannu sai maƙwabci ne ya fito da motarsa ƙarfe ɗayan dare. A asibiti a rubuto magani da kayan aiki Yaya ya ruga ya tura kuɗi ta waya, an cire a asusunsa can kuma basu ga alat ba, mai POS yana neman ladan da ya kusa kwatan kuɗin. Shi da yaran shagona biyu suka bada jini. Ni dai abin da na sani an tura ni a gado fitilu suna wucewa ta samana ina ta kalmar shahada.

Na farka da tiyo a hanci, da ɗinki daga saman cibiya har ƙasa, da wata jaka manne a cikina ta hagu. Likitan tiyata yace sun yanke ɓangaren da ciwon yake da abin da ke kewaye da shi, amma saboda hanjin ya kumbura ya cika ba zai yiwu a haɗa shi a lokacin ba don ɗinkin zai iya farkewa a ciki, sai suka fito da bakinsa ta fatar ciki, ta nan bahaya zai riƙa fita zuwa wani lokaci. Ranar da aka fara buɗe min na gani, wani jan nama kamar an yanka tumatir an ɗora min, na juya kai na fashe da kuka a gaban matata, abin da ban taɓa yi ba tun da muka yi aure.

Jakar nan ta fi tiyatar wahala a wajena. Bata da ƙofa bata da makulli, lokacin da taga dama take aiki, kana zaune cikin mutane sai kaji ƙuuu. Tana da tsada kuma ba kowane kemis ake samu ba, in zafi yayi gumi ya ɓanɓare gam ɗin ta yi yoyo, fatar wajen ta saɓule. Na daina zuwa masallaci na daina fita majalisa, ina ganin kamar kowa yana jin wari ko da babu. Maiɗakina ita ta koyi wankewa da canzawa tun a asibiti, ko sau ɗaya ban ga ta yamutsa fuska ba, Allah ya saka mata da Aljanna. Malam ne yazo har ɗaki ya same ni yace me ya hana ka jam'i? Na faɗa masa ni kullum cikin najasa nake. Yace hukuncinka hukuncin mai lalura ne kamar mai yoyon fitsari, ka zubar ka tsaftace iya iyawarka ka yi alwala ka yi sallarka, abin da ya fita bayan nan ba a kanka yake ba. Wallahi kamar ya sauke min buhun siminti daga kai. Da na ɗan samu ƙarfi na zauna a keke na ɗinka wa kaina wata ɗamara ta yadin auduga mai aljihu da jakar take zama a ciki bata lilo, na ɗaga tazugen wandunana sama ya daina danne wajen, na koma sa 'yar shara mai faɗi. Ranar ganin likita wani dattijo mai irin jakata ya gani yace a ina na saya, ƙarshe sai da na ɗinka wa mutum bakwai, kuma ban karɓi ko sisi ba.

Sakamakon naman da aka cire ya fito, sun ciro kaluluwa 15 a kewayen hanjin an samu ciwon a guda 3. Wannan shi ne mataki na uku a cikin huɗu, na huɗu shi ne in ta tsallaka hanta ko huhu. Don haka sai an bi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ko da akwai ɓurɓushin da ido baya gani. Nawa zagaye takwas ne, duk sati uku a sa min wani ƙarin ruwa mai suna oxaliplatin, in koma gida in sha ƙwayoyin capecitabine safe da yamma bayan cin abinci har kwana 14, in huta sati ɗaya a sake. Na fara a Afrilu ana cikin azumi, likita yace babu azumi a gare ni bana. Ina jiran gashina ya zube kamar yadda ake faɗa, ko gemuna bai motsa ba, ashe ba kowane kemo ne yake zubar da gashi ba. Nashi salon daban ne. Ka san zafin Kano a Afrilu, kowa yana neman ƙanƙara, ni kuwa in na kurɓi ruwan randa sai inji kamar fasassun kwalabe nake haɗiya maƙogwaro ya shaƙe. In na taɓa ƙarfen keke da safe kamar lantarki ya ja ni. Da filas ɗin ruwan ɗumi nake alwala a watan da mutane suke kwana a waje saboda zafi. Tafin hannuna da na ƙafa suka yi baƙi suka riƙa saɓa har wayata ta daina gane yatsana. Ga gudawa ga tashin zuciya, abinci duk ɗanɗanon ƙarfe, kunun tsamiya da fate kaɗai suke shiga.

Kuɗi kuwa kar ma a yi magana. Muna zagaye na uku aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni naira ta faɗi, maganin nan kuma duk daga waje yake zuwa, duk komawa sai kaji sabon farashi. Fulotin da na shekara takwas ina tari na saya ya tafi, keken surfanin da Hajiya take cewa shi ya jawo min ido shima ya tafi, maiɗakina ta ciro sarƙa da 'yan kunnenta na aure ta miƙa wa Yaya ba tare da ta faɗa min ba, Yaya ya sayar da babur ɗinsa. 'Yan majalisarmu da ƙungiyar teloli suka yi karo karo. Sau ɗaya an ɗaga min zagaye saboda jinina yayi ƙasa, sau ɗaya kuma mu muka ɗaga saboda babu kuɗin, na faɗa wa likita gaskiya. A ɗakin kemo na ga mutane da yawa da suka zo sau biyu sau uku ba a sake ganinsu ba, ba don sun warke ba. Akwai wani bawan Allah manomi da gadonsa yake kusa da nawa, shekara uku yana shan maganin basir shima, shi tasa ta riga ta kai hanta, idonsa yayi ɗorawa. Mun yi hira sosai a kan damina. Kafin a girbe gero aka ce min ya rasu.

Mutane kuma kala kala ne. Wani zai zo dubiya ya zauna ya lissafo maka duk wanda ya sani da kansa ta kashe, ya tashi yace Allah ya sa kaffara ne. Wani kwastoma ya aiko a karɓar masa shaddarsa ba a ɗinka ba wai kar ya ɗauka, alhali ba a ɗaukarta ko a kwano ɗaya kuke ci. Ban riƙe shi ba, nima da can ban san komai ba. A kwancen nan ne na riƙa karance karance a waya naga Hukumar Lafiya ta Duniya tace kansar babban hanji da dubura ita ce ta uku a yawa a duniya kuma ta biyu a kisa, a 2020 kaɗai sama da mutum miliyan 1.9 suka kamu sama da 900,000 suka mutu. Nace ikon Allah, abu mai yawa haka amma ni a unguwarmu ban taɓa jin ance ita ta kashe wani ba, sai dai kaji basir ne ya tashi masa ko cikinsa ne ya kulle.

A zagaye na shida yatsuna suka mutu, likita ya dakatar da na ƙarin ruwan na ƙarasa da ƙwayoyi kaɗai zuwa Oktoba. Wannan ne ya taɓa ni a sana'a. Tela da baya jin allura a hannunsa. In ɗauki maɓalli ya faɗi ban sani ba, in yi minti biyar ina neman kafar allura zaren yana kaucewa. 'Yata ta biyu ce take zura min zare a allurai goma ta jera su a jikin matashi kafin ta tafi islamiyya. Hannun ya dawo da kaɗan kaɗan, amma yatsun ƙafa har yau kamar na sa safa, in sanyi ya shigo nafi ji.

Farkon 2024 aka sake leƙa hanjin aka ga lafiya, aka mayar dani tiyata aka haɗa shi aka rufe ramin. Bayan aikin kullum da safe nas zata zo tace baba ka yi tusa? don ita ce alamar hanji ya tashi aiki. Ni da kunya ta hana ni faɗin kashin jini, ranar da ta fita kwana na uku da kaina na ɗaga murya nace sista ta fito! duk ɗakin aka yi ta dariya ana min barka. Da likitan tiyata yazo na nuna masa cikina nace ranka ya daɗe aikinka yayi kyau amma ɗinkin nan ba layi, da yarona ne sai ya farke. Yace to ka kawo kekenka in an sake. Nace Allah ya kiyaye a sake.

Yanzu ina zuwa gwajin CEA duk bayan 'yan watanni, sikanin duk shekara, an sake min kyamara an samu ɗan tsiro ɗaya ƙarami an tsinke shi nan take. Basa cewa ka warke sai ka cika shekara biyar, kuma duk daren da zan karɓo sakamako bana barci, ƙaramin murɗawar ciki sai gabana ya faɗi. Ƙuguna ya dawo 34. An ce in rage jan nama da naman da aka sarrafa, in yawaita ganye da wake da hatsi, in riƙa motsa jiki, taba da giya dama bana kusa da su. Ina cin zogale da rama kamar akuya, ina zuwa shago a ƙafa, amma ba zan yi ƙarya ba wani lokacin in na wuce mai balangu sai na tsaya.

Abin da ya rage min yanzu 'yan gidanmu ne. Likita yace a Amurka tun 2021 sun sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 ga kowa ko lafiyarsa ƙalau, akwai ma gwajin bahaya mai sauƙin kuɗi da yake gano jinin da ido baya gani. Amma wanda uba ko uwa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ciwon, shi kyamara ce tasa, daga shekara 40 ko kuma shekara goma kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, wanda ya riga zuwa. Nawa a 41 aka gano, kenan yarana daga 31 zasu fara, na rubuta a bangon littafin awo don kar a manta ko bana nan. Ƙannena mata biyu sun je lafiya lau. Ƙanina yaje aka samu tsiro biyu aka cire, ya dawo yana ta zufa yana min godiya.

Saura Yaya. Mutumin da ya tasa ni a gaba, ya bani jininsa, ya sayar da babur ɗinsa, wanda yace min ranar wanka ba a ɓoye cibi, shekararsa 49 yanzu amma yace shi da girmansa da surukai ba wanda zai zura masa tiyo. Na haɗa shi da Hajiya na haɗa shi da malam yace zai je bayan sallah, sallah huɗu kenan. Watan jiya ya kawo min shadda yadi goma babbar riga da 'yar ciki na bikin 'yarsa, na auna shi ƙugunsa yana nan 38 Alhamdulillah, na yanka na ninke na sa a ƙasan kanta. Jiya ya aiko yaro wai ina kayansa biki saura sati uku, nace kaje kace masa keke ya lalace, kuma bakaniken yace ba zai gyaru ba sai ya ga takardar asibiti.